Shekarar da Muka Zaunar da Baba

Mu uku ne 'ya'yan Baba maza, kuma mu ukun muka haɗu muka kusa kashe shi da biyayya. Nasara ba su daɗe da zuwa ba, ana saran hanya daga Jega zuwa garinmu Aliero. Na yi aure, ina tashen kokawa, ina ji da kaina. A wurinmu abin kunya ne mutum ya tara 'ya'ya ƙarti, a gan shi a fadama yana jan jigo yana ba albasa ruwa. Sai muka ɓoye masa fartanya, muka shimfiɗa masa buzu a zaure, muka ce ya huta.

Ya huta kuwa. Mutumin da a zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, kafin wata huɗu ƙafafunsa sun kumbura, tuwo ya koma loma biyu, sai an kama shi yake tashi alwala. Muka yi ta jiƙo da rubutu. Na tsorata ƙwarai, don na ga alamar ba zai kai damina ba.

Wata rana da la'asar taubashinsa ya iso, wani mahauci daga Jega, tsohon ɗan dambe. Ya girmi Baba, amma a ƙasa ya zo sayen raguna. Ya tsaya bakin zaure ya ƙare masa kallo.

"Kai, bawana, mi yas same ka? An aje ka awa albasa cikin rumbu, har ka hwara ruɓewa?"

Baba ya ce, "Ɗiyana sunka hutasshe ni."

"Sun dai bizne ka da rai. Nawa sun gwada, nik kore su da sanda. Tashi mu yi langa, in kada ka gaban jikokinka."

Langa fa, wasan yara, a kama ƙafa ɗaya ta baya ana tsalle ana bangazar juna! Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba shi da lahiya." Baba ya harare ni, na ja bakina. Ba a shiga tsakanin taubasai, kuma ba a ƙyale cin fuskarsu a zaune.

Baba ya dafa bango ya miƙe. Da ƙyar ya kamo ƙafarsa. Tsalle biyu suka yi, suka haɗa kafaɗa, suka zube tare cikin tarin harawa, kowa yana rantsuwa shi ya yi kaye. Inna ta leƙo ta rangaɗa guɗa. Na yi dariya har da hawaye, rabin hawayen kuwa ba na dariya ba ne. Ranar Baba ya tashi da malmala biyu.

Washegari da hantsi na tarar da shi a fadama, yana jan jigo a hankali, yana haki. Na ce, "Baba, mutane za su ce mun kasa."

"Bari su ce. Kai kana kokawa don a yabe ka, ni ina jan guga don in ga baɗi."

Ya ga baɗi, ya ga wasu daminu masu yawa bayanta. Kumburin ya saɓe tun kafin a cire albasa.

Bara 'ya'yana suka ɓoye mini fartanya, suka kawo buzu mai laushi. Na yi musu godiya, na sa albarka. Ba su san ina da wata a ƙarƙashin rumbu ba.