Baitin Miji a Jana'izar Rozina

A ƙauyenmu, duk wanda ya mutu sai ya yi magana kafin a rufe shi, kuma Malam Hynek Brabec ne ke sa masa maganar a baki. Shi ne malamin makaranta, shi ke kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan na coci, shi ke koya wa yara waƙa da goge. In an yi rasuwa sai ya tsara waƙar bankwana da muryar mamacin: baiti ga maƙwabta, baiti ga dangi, na ƙarshe ga miji ko mata, na godiya da yafiya. Ɗalibai su ja goge, mutum ɗaya ya rera a bakin kabari. Shekara goma sha tara ni ke rerawa, tun ina 'yar makaranta har na haifi uku.

Ƙarya kam mun zuba ta. Kubát mai niƙa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zagin matarsa, da bakina ya gode mata har ta yi kuka. Na ce, "Malam, wannan mutumin fa ko sannu bai taɓa ce mata ba."

Ya ce, "Lidka, ke dai rera. Mamaci ba ya gardama."

Matar Malam, Rozina, ita ma ɗalibarsa ce a da. Tsofaffi sun ce muryata ba ta kama ƙafar tata ba. Ni ban taɓa ji ba, don tun da ya aure ta ba ta sake hawa benen mawaƙa ba. Yara shida daga ƙauyukan nesa ke zaune a gidansu suna koyon waƙa. Wa zai dafa musu miyar kabeji, wa zai ja musu layi a takardun waƙa? Ranar Lahadi tana can baya kusa da ƙofa, don ta riga kowa fita ta duba tukunya. Kar in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma mutumin da ke jin kuskuren yaro ɗaya cikin ashirin, wata huɗu matarsa tana tari bai ji ba.

Ana gobe bikin cocinmu muna bene muna bita. Malam ya shekara yana tsara waƙar bikin, har ƙahoni da ganguna ya aro daga gari. Sai ga maƙwabciyarsu Voršila ta hawo tana haki.

"Malam, Rozina na kira."

"Ki ce mata ga ni nan, bari mu ƙarasa wannan."

Ta sake dawowa, ko juyowa bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga mata. Ba ta dawo karo na uku ba. Ƙaramar ƙararrawar da ake kaɗa wa wanda ya cika muka ji a samanmu. Malam ya tsayar da mu, ransa a ɓace, ya ce, "Wa kuma ya rasu?" Wayyo Allah. Duk benen babu wanda ya iya ɗaga ido.

Ranar jana'iza da safe ya miƙo mini takarda. Baiti biyu a cike, na uku ga karin waƙar a rubuce, ƙasansa babu kalma ko ɗaya.

"Malam, ina baitin miji?"

"Babu."

"Haba Malam! Kubát ma ka rubuta masa. Kawo in cika, na haddace irinsu sun fi ɗari."

"In kin rera cewa ta yafe mini, wa ya ce? Ni na ce. Ta kira ni don ta faɗi nata da bakinta, ban je ba."

Haushinsa nake ji tun ranar bitar, amma a nan tausayi ya kama ni. Na roƙe shi, na ce kowa zai gane, za a yi da shi a kasuwa. Ya ce a yi.

A bakin kabari na rera na maƙwabta, na rera na dangi. Al'ada ce miji ya cire hula ya matso gaba ya karɓi nasa. Malam ya cire, ya matso. Yara suka ja goge, ni kuma na rufe bakina, hawaye na zuba. Fada, limamin cocinmu, ya dube ni, mata suka fara taɓa juna. Shi yana tsaye, kai a sunkuye, har karin ya ƙare. Ban taɓa jin baiti mai tsawon wannan ba.

Shekara tara ya yi bayanta. Bai fasa koyarwa ba, bai fasa rubuta wa matattun mutane godiya da yafiya ba, yara kuma suka koma cin abinci gidan Voršila. In ya raka su yakan tsaya a bakin ƙofa yana juya hula, sai ya yi tambayar da ya riga ya yi sau ba adadi.

"Voršila, ki tuna da kyau. Me take son gaya mini?"

"Malam, na tambaye ta har sau biyu. Ta ce ba na aike ba ne, sai ka zo."