"Namu Ne" Ya Fitar Da Hoton Kitsona

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mai kitso ce a unguwar Wambai, kuma ba yabon kai ba, har daga Gauraka mata ke shigo mota su zo hannuna. Duk wadda na gama wa nakan ɗauki hoton kanta don in nuna wa wata samfuri, bisa alkawarin babu namijin da zai gani. Siyasa kuwa da zafi na ɗauke ta. In ɗan jam'iyyarmu ya ce rana daga yamma take fitowa, zan ce ai ni ma na gani.

Ana gab da zaɓe wani jigon jam'iyyarmu ya turo saƙon murya a zaurenmu na waya. Ya ce ana sauraren wayoyinmu, don haka kowa ya sauke manhajar wani kamfani da ke ɓoye sirri, kada mu ji komai, mai kamfanin namu ne. Kalmar nan kaɗai ta ishe ni. Yayana, wanda ke zuwa aiki Abuja kuma yake ɗaya jam'iyyar, ya karɓi wayar ya duba. Ya tambaye ni me mai ɓoye sirri zai yi da izinin shiga hotunana, kuma me ya sa kamfanin ba shi da ko adireshi. Ya ce ya ji wata masaniya a rediyo tana gargaɗi a kan irinsu. Na ce ai gidan rediyon nasu ne, shi ma haushi yake ji don abin ba nasu ba ne. Na danna amincewa a gabansa, ina dariya.

Bayan zaɓe wata matar manomi daga Gawu Babangida, wadda ta daɗe tana zuwa wurina, ta shigo ta zauna ba ta cire hijabi ba. Ta miƙo mini wayarta. Ga hotonta, kai buɗe, fuska a fili, a tallar wani man gashi. Ƙanen mijinta ne ya gani ya kai masa, maigidan kuma ya daina yi mata magana. A hankali ta ce, "Ke na buɗe wa kaina, Yaya, ba duniya ba." Kunya ta kama ni, don hoton da na ɗauka da wayata ne.

Na kira jigon nan. Ya ce shi ma turo masa aka yi, bai san kamfanin ba, kuma bai ma taɓa sa manhajar a wayarsa ba. Yayana ne ya goge ta daga wayata, bai yi mini gori ko sau ɗaya ba, sannan ya raka ni har Gawu. Na dubi maigidan na ce matarsa ba ta da laifi, nawa ne. Ya gamsu, suka shirya, amma hoton yana nan yana yawo.

Har gobe ina jam'iyyata, kuma ba na ɓoyewa. Sai dai na gane ƙuri'a daban, amana daban. 'Yan'uwa, kafin ku ba kamfani sirrinku ku tambayi wanda ya tallata shi ko ya sani da kansa, kuma ku saurari gargaɗi ko daga bakin abokin hamayya ne. Matar nan in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa lafiya lau, amma kanta wata take kai wa.