Yadda Ummuhani Ta Manna Irinmu a Kwali

Faɗana na farko da Ummuhani a kan kuɓewa ne. Na yanka ta tun da safe, na baza a tabarma ta sha rana, na shiga ɗaki na ɗan kishingiɗa. Da na fito sai na tarar yara sun kewaye tabarmar, kowa da guntun kuɓewa a hannu, yana tsomawa a ruwan shuni yana dangwalawa a takarda. Ita kuwa tana tsaye a kansu tana tafi.

"Gwaggo, zo ki gani, furanni suke yi!"

Na ce, "Ya salam! To in an tuƙa tuwo sai ki ɗebo furannin ki zuba mana a kai."

Ta ce wai da haka ne hannun yaro ke koyon riƙe alƙalami. Na ce ni hannuna ya koyi riƙe muciya ba a ɓata miyar kowa ba. Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo ta saman danga. A ƙarshe ta share hawaye da gefen mayafi, ta rantse ba za ta ƙara taɓa wani abin da ake ci a gidan nan don wasan yara ba. Da na san abin da rantsuwar za ta jawo mana, da na bar mata kuɓewar duka.

Ummuhani matar Elfadil ce, ɗan yayana Sharu. Bahaushiya ce kamar mu, jikar mahajjata, amma a Madani aka haife ta, ubanta tela ne, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Ta yi karatu ta zama malamar rauda, wato inda ake tara yaran da ba su isa makaranta ba, a ajiye mace da hankalinta ta yini tana yi musu waƙar kaza. Yaƙi ne ya koro su nan garinmu Gadarif, ita da mijin da 'yarsu Mawada, suka sauka a gidan Sharu da akwati biyu. A ɗaya akwatin, inda mai hankali zai cusa tufafi, ita almakashi ta cuso da fensiran kala.

Lokacin makarantu a rufe suke, masu gudun hijira sun cika azuzuwa. Yaran unguwa suna ta gararamba. Sai ta share ƙarƙashin rakuba, rumfar da muke shan inuwa a tsakar gida, ta tara su goma sha huɗu. Kowane lokaci na shekara da irin shirmensa. Da damina su kwaɓa baƙin taɓon nan namu mai kama ƙafa, su gina shanu da raƙuma, su jera suna ƙirgawa. Da kaka, in an yanke riɗi, su tsinto ɓawonsa su yi sarƙa, su fere kara su yi motar girbi har da ƙafafu. Da azumi fitilun kwali. Mu ma mun yi shanun laka muna yara, ba wanda ya tsaya a kanmu yana cewa "madalla, saura guda nawa?" Amma iyayen yara suka ɗauke ta kamar ita ta ƙago taɓo. Ustaza sama, Ustaza ƙasa.

Sharu yana da wata farar dawa mai dogon kai. Ba irin da ake shukawa a manyan gonakin tarakta ba ce, ba a sayar da ita a kasuwa. Kakanmu ne ya taho da ita daga yamma a ƙulle a tsumma, da ya fito aikin hajji a ƙasa, ya tsaya nan bai koma ba. A 'yar gonar bayan gida kaɗai ake shuka ta. Duk kaka Sharu yakan zaɓi kawunan da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye a rufin ɗakin girki don hayaƙi ya kore ƙwari. Ba mai taɓawa. Shekarar da muka ci yunwa har muka daka dusa, kawunan nan suna reto a kanmu, ko kallonsu ba mu yi da niyyar ci ba. Kowane yaron da aka haifa a gidan ya san wannan ba sai an faɗa masa ba, shi ya sa ba wanda ya tuna ya faɗa wa matar Elfadil.

Da bazara, zafi ya hana yara fita, Ummuhani ta so ta koya musu haruffa. Tana son ƙwaya da za su manna a kwali, ga kuma rantsuwar da ta yi. Ta shiga ɗakin girki ta ɗaga kai, ta ga wani dami baƙi ƙirin, yanar gizo ta lulluɓe shi. A ranta ta ce wannan ai tarkace ne da aka manta, ko jaki ba zai ci ba, Gwaggo ba ta da abin cewa. Har daɗi ta ji wai ta share mana rufi. Ta sauke, ta murje, ta ɗauraye. Rabi ta tafasa da soɓo ya yi ja, rabi ta bari fari. Ta jiƙa ƙaro ya zama abin mannawa. Kowane yaro ya jera harafin farkon sunansa, ja a tsakiya fari a gefe, ya kai wa uwarsa.

Bayan sati uku gajimare ya fara taruwa ta gabas. Sharu zai tafi garin Hawata ta'aziyya, ya ce da ni, "Ranar Juma'a zan dawo. Ki sauke irin nan ki murje kafin na zo." Na shiga, na ɗaga kai, na ga igiya kawai.

Ban yi ihu ba. Na fito na same ta tana yanka takarda, na ce, "'Yar nan, wa ya taɓa rufin ɗakin girki?"

Ta yi murmushi. "Ni ce, Gwaggo. Na cire muku dattin nan."

"Dattin yana ina?"

Ta nuna min kwalin Mawada da ke jikin danga. Na matsa na duba da kyau. Ga dawar kakana nan, an lanƙwasa ta kamar wutsiyar kunama.

Na faɗa mata ko mene ne, ban rage komai ba, har tsumman da aka ƙulle shi a ciki sai da na ambata. Almakashin ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Ba a samu a wurin wani?" Na ce, "Je ki Madani ki tambayi masu fensir."

Kwana uku gare ta. Ta yafa mayafi ta fita a tsakar ranar nan da ko kare ba ya yawo. Ita da aka saba tarba da "Ustaza, bismillah, ga gahawa", yau ita ce ke tsaye a bakin ƙofa tana roƙon a dawo mata da abin da ta bayar da hannunta. A gidan farko uwar ta ciro kwalin daga bango ta miƙa mata, tana kallonta kamar mai taɓin hankali. A na biyu aka ce akuya ta cinye tun ranar, har kwalin. A na uku kaji sun tsattsage farin sun bar jan. Gida biyu sun tashi sun tafi Fashaga neman aikin gona, ƙofa a ɗaure da igiya. Wata kuma, Sauda mai sayar da kisra, gurasar dawar nan tamu, ta ce, "Af, ashe abin yana da daraja? To bari uban yaron ya dawo mu ji." Sai da Ummuhani ta zauna mata a tsakar gida ta ƙi tashi kafin ta ba ta.

Wadda ta fi ba ta wuya yarinya ce 'yar shekara biyar, Tasneem. Ta rungume kwalinta ta shige ƙarƙashin gado.

"Sunana ne! Ke kika ce nawa ne!"

Ummuhani ta durƙusa, kanta a ƙarƙashin gadon mutane, tana lallashi. Ta yi alkawarin wani kwalin, yarinya ta ƙi. Ta yi alkawarin alewa, ta ƙi. Sai ta ce, "To ki zo da shi da kanki, mu ba shi ruwa mu ga ko sunanki zai tsiro." Nan yarinyar ta leƙo.

Kwali tara ta tattaro. Ta jiƙa su a faranti, ƙaro ya saki, ƙwayar ta zube. Na ce da ita jan nan ta zubar wa kaji, abin da aka dafa ba ya tashi. Ta ce a gwada. Mai karatu ke nan, sai ta gwada ko dafaffen hatsi zai tsiro. Ta ware goma ja, goma fari, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, sauran ta shanya a inuwa. Ko a cikin wannan masifar halinta bai bar ta ba: sai ga yara ta tara su a kan tsumman, safe da yamma suna buɗewa suna leƙe.

Ranar Juma'a da safe suka buɗe. Ja ko ɗaya bai motsa ba. Fari bakwai sun fito da ɗan farin baki. Tasneem tana tsalle tana cewa nata ne duka bakwai ɗin. Ummuhani ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska.

Sharu ya dawo bayan an sauko daga masallaci. Na shirya zan faɗa masa yadda ya kamata a faɗa, da gishirinsa, sai ta riga ni. Ta durƙusa a gabansa da ɗan kofin shayi, ƙwayar ko cika shi ba ta yi ba, ta ce, "Baba, abin da ya rage ke nan, ni na yi." Ya juye a tafin hannu, ya daɗe yana motsa ta da yatsa. Bai yi mata faɗa ba, abin da har yau nake jin haushinsa. Cewa kawai ya yi, "Bana layi uku za mu yi."

Layi uku aka yi a gonar da ake cikawa. Ita ta yi gadinsu. Matar da ba ta san dawa daga ciyawa ba ta koyi cira, ta yi kanta a hannu. Da kai ya fito tsuntsaye suka sauka, ta sa yaranta suka ɗaura gwangwanaye a igiya da tsakuwa a ciki, suka yi mutum-mutumi da tsohuwar rigar Elfadil, wai wannan ma darasin kaka ne. Ko me ta kira shi, tsuntsu dai bai ci ba. Aka yanke, Sharu ya zaɓi kai goma sha ɗaya da suka isa iri.

Da yaƙi ya lafa, hanya ta buɗe, suka shirya komawa Madani. Ana gobe za su tafi Sharu ya ware kai uku ya ce in ba ta. Na ce, "Ita? Ita ɗin?" Ya ce irin da ke rufi ɗaya kaɗai, hannu ɗaya ya isa ya ƙarar da shi, kuma duk gidan nan yanzu ba wanda ya fi ta sanin abin da yake. Ban yarda ba, amma yayana ne.

Na kai mata tana ɗaure akwati. Ta karɓa da hannu biyu, ido ya ciko, ta buɗe baki za ta fara irin maganganunsu na makaranta. Na tare ta.

Na ce, "Ki rataye shi inda hayaƙi ke bugunsa, ki gaya wa duk wanda ya shigo gidanki ko mene ne, har baƙo. In kuma haruffan nan sun sake motsa miki, ga kashin awaki nan cike da gari, ki sa su manna shi."