Ramin da Umma ta Huda a Katanga

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifiyarmu bayan gajeriyar jinya. Ina cikin mota a hanya aka kira ni. Umma, ni ce autarki, amma ban same ki da rai ba. Kanki na kan cinyar Doguwa kika cika, matar da yaƙi ya koro daga garinsu, wadda ba ke kika haife ta ba.

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi, kuma ba yau na fara ba. Shekarar da 'yan gudun hijira suka sauka a kangon da ke bayan gidanmu, 'yan unguwa suka garƙama wa famfon bakin titi kwaɗo, wai baƙi suna tsawaita layi. Kin je wurin mai unguwa, kin je ofishin ruwa, kina faɗa musu cewa waɗannan 'yan ƙasa ne, ba wanda ya baro haƙƙinsa na shan ruwa a garin da aka ƙone. Da kika gaji da gafara sa ba ki ga ƙaho ba, sai kika ɗauki guduma kika huda katangarmu ta baya, kika zura musu tiyo daga famfon tsakar gida.

Tun daga ranar muka koma 'yan jira a gidan ubanmu. In suna ɗiba, namu famfon sai ɗiga. In na yi ƙorafi ki ce, "Auta, kina da uwa, kina da rufin ɗaki, me kuma kike nema?" Ke nake nema, Umma.

Ke kika tasa 'ya'yansu a gaba har ƙofar ofishin shugaban makaranta, kika ƙi tashi sai da aka ba su wurin zama a aji. Ke kika samar wa matansu gefen rumfa a kasuwa. Ranar haihuwata ta fari kin iso asibiti a makare, gumi sharkaf, don masu gadin kasuwa sun ƙwace farantin Doguwa kin tsaya karɓo mata. Kowa ya yaba miki, ni kuwa na juya fuskata bango. Ko wajen wankan gawarki, Doguwa ce ta san gwiwar da ba ta miƙuwa, ni ina gefe riƙe da buta kamar baƙuwa.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Yaya ya ce za a saka haya a gidan, don haka a toshe ramin. Ni na fara cewa to. Sannan na ja Doguwa gefe, na tambaye ta ko kin ambace ni kafin ki cika. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya a kan mamaciya ba, Auta. Abin da ta tambaya na ƙarshe shi ne ko ruwa ya zo."

Maganar ta soke ni, har yanzu tana sukata.

Yau da safe magini ya zo da siminti. Ta ramin na hango ƙafafuwan matan da jarkokinsu. Sun riga ni jinyarki, sun riga ni wankanki, amma a kan wannan katangar ba su da bakin magana, sai wanda kika haifa. Na jawo kujerarki 'yar tsuguno na zauna a bakin ramin, na ce, "Yaya, in an zo rabon gado, a fara nawa daga nan." Ya daɗe yana kallona, sannan ya sallami magini.

Ba zan ce tausayi ne ya zaunar da ni ba, Umma. Abu ɗaya na samu da ba mai iya yi miki sai ni, kuma ba zan bar wa kowa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da Kawu, da jikokinki, da Doguwa, wadda har yau ban iya haɗa ido da ita ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ruwa ya zo, Umma. Ni na buɗe musu.