Babin da Ya Rage Mini a Argungu

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanya daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi, ranar Larabar ƙarshe ta hutuna. Mu uku ne: ni, da abokin aikina mai motar, da ƙanin matarsa wanda ban gayyata ba, ban ma san da zuwansa ba sai da na tarar ya hakimce a kujerar gaba da waya biyu a hannu.

Ku da kuke bibiyata kun san abin da ya fito da ni. A farkon Muharram na rubuta muku burina uku na shekara: rage tumbi, ziyartar gwaggona duk wata, da kammala littafin fiƙihun da na fara a zauren wani malami a Argungu lokacin da nake koyarwa a can. Babi ɗaya tak ya rage mini aka mayar da ni aiki Birnin Kebbi. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, shekara tara ke nan ina kwafe wannan buri na uku daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa. Bayan Babbar Sallah wani tsohon abokin karatuna ya bugo mini waya, ya ce ciwon ƙirji ya matsa wa Malam, da zarar sabuwar shekara ta kama zai miƙa zauren ga babban ɗalibinsa. Na ce to, Laraba ɗaya ta ishe ni. In je, in ji babina daga bakin Malam, a shafa fatiha, in dawo in yi muku albishir. Sharaɗi guda ne, a isa da wuri, domin Malam yana tashi da hantsi.

Tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba, sai da waɗannan bayin Allah suka mayar da ita awa uku. Ba mu fita gari ba mai motar ya ce shi ba ya tuƙi da ciki wayam. Muka tsaya wurin mai shayi, aka soya masa ƙwai, ya zauna yana ƙorafin tsadar madara yana kuma neman a ƙara masa. Daga nan ya tuna tayar baya tana shan iska. Muka jira wani mai faci, mutumin kudu da Sakkwatanci ya zauna a bakinsa fiye da nawa, ya buɗe rumfarsa a natse kamar an ce masa mu ma hutu muka zo yi a wurinsa. Ni kuwa sai duba agogo nake yi.

A Zauro kuwa, gaskiya fadama ta yi kyau. Ana yankan shinkafar rani, dammuna jibge a bakin hanya, injinan ban ruwa suna ta ƙugi a sauran gonakin da ba su nuna ba. Amma kyan nan shi ya jawo mini masifa, domin ƙanin matar nan ya ce lallai a tsaya ya ɗauki bidiyo. Ya shiga gonar mutane ya ari lauje, ya yanki abin da ko zangarniya goma bai kai ba, ya sa aka ɗauke shi sau huɗu wai hasken bai yi ba. Ina tsaye ina cizon yatsa na hango wani manomi ya tsuguna a bakin kwalbati yana alwala da ruwan da laka ta mayar ja. Haushin da nake ji sai na sauke a kansa. Na juya na yi wa abokan tafiyata wa'azi, na ce kun ga illar rashin karatu, ruwan da launinsa ya sauya ai ba ya alwala, wannan in ya yi sallar walaha wahala kawai ya sha. Suka gyaɗa kai, suka ce shi ya sa ake son tafiya da malamai. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan Ambursa sai ga masu albasa. Mai motar ya sauka ya yi ciniki kamar zai sayi tirela guda, ya taya buhu, ya raina, ya tafi, ya dawo, ƙarshe ya sayi kwano ɗaya. Albasar ta yi tsada ƙwarai a kan yadda na santa, amma a lokacin da za su yarda a wuce da na biya musu buhun.

Tara ta gota muka shiga Argungu. Warin kifin banda ya tarbe mu tun daga bakin kasuwa, kuma nan take su biyun suka fara shawarar inda za a ci rana. Na ce su ajiye ni su je su ci har da kwandon.

Zauren yana nan yadda na bar shi, sai dai an sa masa kwano. Malam yana kan buzunsa, ya rame, idanunsa sun yi fari, yana ba da karatu da ka. A gabansa littattafai ne jere a kan tabarma, kuma a nan na tuna da ƙa'idar da na manta. A zauren nan ba mutum ke bin layi ba, littafi ke bi. Kowa ya idar da asuba sai ya ajiye nasa a bayan na wanda ya riga shi, ya tafi ya leƙa gonarsa ko komarsa ta kamun kifi, ya dawo kafin a zo kansa. Na ajiye nawa a ƙarshe, na ƙirga, littafi bakwai ne a gabana, rana kuma ta ɗaga.

Na raɗa wa abokin karatun nan da ya bugo mini waya cewa daga nesa na zo, a taimaka a tura nawa gaba. Ya miƙa hannu ke nan wani dattijo mai busasshiyar laka har gwiwa ya dafe littafin.

"Malam, nan ba a tsallake littahin wani," ya ce da ni. "Mu ma tun da assuba munka aje."

Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da na ƙona mai, na sadaukar da ranar hutuna, na sa farar shadda, a ce in zauna bayan mutanen da gidajensu ke bayan katangar nan, gobe ma suna iya zuwa? Na koma gefe na zauna ina huci. Kowa aka zo kansa sai na ga kamar da gangan yake jan karatun. Wani ma layi biyu kawai ya karanta, amma ya tsare Malam da tambaya a kan zakkar shinkafa har na fara lissafa tarin da Malam yake yi. Da aka gama na bakwai, Malam ya laluba sandarsa zai miƙe. Sai wannan dattijo mai laka, shi dai wanda ya hana ni, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, saura littahi guda. Baƙo na daga Birni."

Malam ya mayar da sandar. Na matso na gaishe shi, kuma daga muryata ya gane ni, har ya ambaci makarantar da na koyar. Ya tambaye ni ina na tsaya. Na ce babin ƙarshe, ina buɗe shafin da na naɗe tun wancan lokaci.

"Shekara nawa ke nan?"

"Tara, Allah gafarta Malam."

Sai ya ce, "To, gaya min. Ruwan hwadama da laka tas sauya mai launi, ana alwala da shi?"

Na amsa da ƙarfi, yadda na faɗa a Zauro, na ce ba a yi. Malam ya juya wajen dattijon, shi kuma ya ce ana yi mana, tunda lakar wurin zaman ruwan ce, ba wani abu aka zuba daga waje ba. Ya faɗe ta a sauƙaƙe, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Wagga mas'ala shahin hwarko take," Malam ya ce da ni. "Ba babi guda ar rage maka ba. Koma hwarko."

Na so in yi gardama, wallahi na so. Na so in ce saura mako biyu ya daina ba da karatu, littafin kuma ba ya ƙarewa a wata shida. Amma shi ma ya san haka, kowa a zauren ya sani. Na mayar da shafukan baya da hannuna, tun daga naɗin nan har bangon farko, na karanta layi huɗu a kan ruwa. Malam ya fassara mini su yana tari, ya shafa fatiha, aka kama shi ya shiga gida.

A hanyar dawowa abokan tafiyata sun cika mota da kifi, suna ta yi mini barka da saukar littafi. Ban gyara musu ba sai da muka zo daidai kwalbatin nan na Zauro. Na ce mai motar ya rage gudu, na gaya musu alwalar mutumin nan ta ɗazu ta yi, ni ne ban sani ba. Ƙanin matar ya tambaya ko in maimaita ya ɗauka a waya. Kallon da na yi masa ya sa ya mayar da ita aljihu.

La'asar ta yi mana a Badariya. Tun safe nake jin haushin mai shayi, da mai faci, da mai albasa, da dattijon da ya dafe mini littafi, alhali dukansu awa biyu suka ci mini. Shekara tara kuwa ni na cinye abata, a kan hanyar awa ɗaya. Na gane cewa rubuta buri a takarda yana sa ni jin kamar na yi rabin aikin, shi ya sa nake ta rubutawa. Babin ƙarshen nan ba zan taɓa jin sa daga bakin Malam ba, kuma wannan yana yi mini ciwo har yanzu da nake rubuta muku.

Hutuna ya ƙare, Asabar kaɗai nake samu, kuma biyu suka rage kafin Malam ya miƙa zauren. Na riga na yi magana da direban motar farko a tasha, ni kaɗai zan tafi. Littafina kuma na baro shi a wurin dattijon nan mai laka, ya ce zai ajiye mini shi a layi bayan nasa.