Muryar Yaya a Bakin Wata

Yayata ma'aikaciyar banki ce, amma ba ta taɓa riƙe kuɗin kowa ba. Ɗakin aikinta yana can baya, kusa da inda janareto ke ruri. Ba taga, sai fanka mai kuka, da tebur da aka tokare ƙafarsa da kwali, da waya. Aikinta ta ɗaga wayar nan ta saurari wanda inji ya haɗiye masa kati, ko wanda ya manta lambar sirrinsa, ko wanda ya wayi gari ya ga an yi sayayya da katinsa a garin da bai taɓa takawa ba.

Ta shiga aikin tana budurwa, ga shi yanzu babbar 'yarta ta kusa gama sakandare. Waya ta cinye mata kunnen hagu, in ka yi mata magana ta wannan gefen sai ta juyo gaba ɗaya. Mijinta bakanike ne, mai barkwanci, yakan ce duk ranar da ya yi laifi ta hagu yake zama ya ba da haƙuri.

Tun muna yara Allah ya ba ta muryar rarrashi. Mutum zai kira yana zagi, sai ta bari ya gama, ta ɗan yi gyaran murya, ta ce, "Sannu, bawan Allah. Kwantar da hankalinka, ba inda za ni sai mun gyara." Har abokan aikinta suka laƙaba mata Kwantar-da-hankali. Akwai tsofaffin da in wani ya ɗaga wayar sai su ce a ba su matar nan mai haƙuri.

Wata shekara ƙorafi ya yi yawa. Kusan duk labarin iri ɗaya ne: an kira mutum an ce daga banki ne, an faɗa masa cikakken sunansa da ƙarshen lambar katinsa, an ce za a rufe katin yau in bai karanto lambobin da ke bayansa ba, da wadda za a turo masa ta saƙo. Ya karanto. Kafin ya mayar da waya aljihu an gama da shi. Inda suke samun sunayen ba wani abin mamaki ba ne. Injin yayyaga takardu na bankin ya daɗe da lalacewa, sai masu shara su kwashe takardun neman kati yadda suke, su zuba a jujin bayan gini. Kowa ya sani, har da Yaya. Kowa kuma yana jiran wani ya yi magana.

Ran nan da hantsi jama'a suka cika harabar banki, manaja ya ce ta fito ta taimaka. Wani dattijo mai sayar da taya yana zaune a benci, ya riƙe katinsa da hannu biyu. Ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Sannu, Baba. Kwantar da hankalinka, ba inda za ni sai..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya miƙe yana nuna ta da yatsa.

"Ke ce! Wallahi ke ce kika kira ni!"

"Baba, ni ban taɓa kiranka ba."

"Kunnena ne zai yi mini ƙarya? Haka kika ce mini, ba inda za ki sai mun gyara. To kin gyara ni!"

Wata mata daga cikin layi ta ce ita ma muryar da ta ji ke nan. Nan wuri ya kaure. Mai gadi ne ya janye Yaya ya maida ita ɗakinta ya tsaya a ƙofa. Kafin la'asar manaja ya karɓe katin shaidarta, ya ce ta huta a gida har a gama bincike. Bai ɗago ya dube ta ba.

Zaman gidan nan ya yi mata tsawo. Ni tela ce, sai ta riƙa zuwa shagona da safe ta zauna a kan buhun ƙyalle tana tsinke mini zare. Wayarta za ta yi ta ƙara a cikin jaka, ba ta ko kallonta. Maƙwabta suka fara lissafa mata kaya, wai ashe da ma labulen falonta sabo ne. Ni na ɗinka labulen da ragowar yadi, amma wa zan bi in faɗa wa? Wata rana na ce mata, "Yaya, ki yi magana mana, ki kare kanki." Ta ce, "Da wace murya, ƙanwata? Ai ita ce ake tuhuma."

A kantin sayar da waya aka kama masu damfarar. Samari biyu da yarinya ɗaya, sun zo sayen wayoyi masu tsada da katin wani. Mai kantin ya kira sunan da ke jikin katin, ba wanda ya waiga a cikinsu, sai ya ce su jira ya ɗauko kaya a sito, ya fita ya kira 'yan sanda.

Ni na raka Yaya ofishin 'yan sandan. Aka shigo da yarinyar, siririya, ba za ta girmi 'yar Yaya da yawa ba, jan farcenta duk ya ɓanɓare. Ɗan sandan ya ce mata, "Yi mata abin da kika yi mana."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ɗan yi gyaran murya, ta ce, "Sannu, bawan Allah. Kwantar da hankalinka, ba inda za ni sai mun gyara."

Da idona a rufe yake da na rantse Yaya ce.

Yaya ta dube ta ta ce, "A ina kika san ni?"

"A waya, Anti. Ina yawan kiranki. Ni ce wadda katin mamanta ya maƙale tana asibiti."

"Ke ce mai kuka?"

"Ni ce."

"Maman ta samu sauƙi?"

Ɗan sandan ya ce uwar lafiyarta ƙalau, tana waje tun safe. Ya ce samarin ne ke tsinto takardu a juji, ita kuma ta yi ta kiran layin ƙorafi da matsalolin ƙarya tana naɗar muryar, har ta iya. Sun gwada muryoyin sauran ma'aikatan, suka ga ba wadda mutane ke saurin yarda da ita kamar ta Yaya.

"Anti, ki yafe mini," in ji yarinyar. "Ni ban san za a ce ke ce ba."

Yaya ta ce, "To wa za a ce?" Ta ɗauki jakarta muka fito.

An mayar da ita aiki. Manaja ya ce ai su da ma sun san halinta, ya miƙa mata katin shaidarta kamar ta manta shi ne a ofishinsa. Aka sayo sabon injin yayyaga takardu, aka sa wa juji kwaɗo. Dattijon mai taya bai sake zuwa ba, an ce ya rufe asusunsa.

Abin da ba a iya gyara mata ba shi ne kiran mutane. Wani lokaci ita ce ya kamata ta kira, idan na'ura ta nuna ana jan katin wani a wurin da bai saba ba. Yanzu tana yin sallama sai a kashe. Wasu su zage ta tas, su ce Allah ya isa, ɓarauniya. Wani mutum ya yi mata dariya ya ce, "Na waye, 'yan mata, nemi wani." Tana kallon allo ana kwashe masa abin da ya tara, ta sake kira, ya sake kashewa. Sai da ta nemi izinin manaja ta toshe katin. Washegari mutumin ya zo yana faɗa don me aka toshe masa kati.

Bayan wani lokaci uwar yarinyar ta nemo gidan Yaya. Ina nan ta zo. Mai wankau ce, hannuwanta duk sun jeme da sabulu. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa, ta ce ta ji an ce in Yaya ta sa baki za a sassauta wa 'yarta. Ta ce yarinyar cewa ta yi ta samu aiki a kamfanin waya, ita har sadaka ta yi don murna.

Yaya ta kawo mata ruwa. Ta ce, "Mama, ni ba ni na kai ƙara ba, kuma ba a tambayata komai a wurin can. Amma zan je in ce na yafe nawa. Ban san ko zai yi amfani ba."

Matar ta yi ta godiya har ƙofa. Da Yaya ta dawo ta kwanta a kan doguwar kujera ta ce in rufe mata labule. Na tambaye ta yaushe za mu je. Ta ce sai Asabar, don sauran ranakun ba wanda zai zauna mata a kan waya.