Darinka da Bulalar Triglav

Darinka mai wanki da guga ce a wani ƙaramin masaukin baƙi a Mojstrana, ƙauyen da ke gindin dutsen Triglav. Tun tana budurwa take wanke zannuwan gadon mutanen da suka hau dutsen nan suka sauko. Baƙi daga ƙasashen da ko tudu babu sun hau. Tsofaffi masu dogara sanda sun hau. Har wani mai tumbi kamar randa ya hau, ya dawo yana cika baki wajen karin kumallo. Ita da aka haifa a inuwarsa ba ta taɓa kai ƙololuwa ba, a ƙasar da ake ganin wanda bai taka kan Triglav ba bai gama zama ɗan ƙasa ba.

Ta taɓa gwadawa tana 'yar sakandare. Da suka iso siririyar hanyar ƙarshe, rami a hagu rami a dama, sai ƙafafunta suka ƙi. Malamin da ya kai su ya ce a gaban kowa, "Ke ba 'yar sama ba ce, koma bukkar masu hawa ki jira mu." Magana ɗaya daga bakin ƙaton banza, ta ɗaure mace har furfura! 'Yan ƙauyen kuma, maimakon su ƙyale ta, suka mayar da abin na raha a gidan biki.

Amma a mafarki kullum tana can. Takan ga kanta a hanyar ba takalmi, gajimare na bin ta a baya kamar tumaki, dutsen yana numfashi a hankali a ƙarƙashin sawunta. Ta farka da sanyi a tafin ƙafa, ta tashi ta jona dutsen guga.

Bara likita ya duba gwiwarta ya ce za a yi mata aiki kafin ƙanƙara ta sauka, bayan nan kuma ta manta da hawa. In ba yanzu ba, shi ke nan. Ta sami yayanta Stane, wanda ya hau dutsen har ya daina ƙirgawa.

"Yaya, za ka kai ni."

"Ina? Coci?"

"Sama."

"Ke da kike ihu in kin hau kujera canza ƙwan fitila?"

"Za ka kai ni, ko in nemi mai sauran ƙarfi?"

Suka bi ta kwarin Krma, doguwar hanya mai sauƙi. Ƙararrawar shanu na tashi daga inda ba a ganin shanun. Itatuwa suka gajarce, suka ƙare, aka bar farin dutse da iska. Suka kwana a bukkar masu hawa, bayan sun sha miyar kabeji da wake.

Da safe ta fito ta ɗaga kai. Ga hanyar can, mutane sun jeru a kanta kamar tururuwa a kan zare. Gwiwar ta kumbura, ta tsaya cik tana kallon hanyar. Stane ya dube ta ya gane.

Al'adar dutsen ita ce, wanda ya kai ƙololuwa karon farko sai ya dafa 'yar hasumiyar ƙarfen da ke can ya sunkuya, wani tsohon hannu ya tsula masa igiyar hawa a ɗuwawu. Sai an yi wannan ake cewa mutum ya hau. Stane ya zaro igiyarsa, ya rage murya.

"Ƙanwata, zo bayan bukka in yi miki a nan. Mu koma mu ce kin kai. Wa zai sani?"

Da tausayi ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi ta malamin ciwo. Wato har ɗan'uwanta ma bai taɓa zaton za ta iya ba, rakiyar lallashi kawai ya yi mata.

"Bulalar sadaka za ka ba ni?" ta ce. "Mayar da igiyarka, Yaya. Ka biyo ni in za ka iya."

A daidai wurin da ta tsaya tana yarinya, ƙafafun suka sake ƙi. Ta rungume wayar ƙarfen da aka kafa a jikin dutsen. Mutane suka taru a bayanta. Can ƙasa wani baƙin tsuntsu yana yawo a iska bai ko kaɗa fiffike ba, ta yi ta kallon bayansa, ita da ta saba ganin cikin tsuntsaye. Ta matsar da hannu ɗaya. Ƙafa ta bi hannun. Bayan wannan ba ta iya tuna komai sai sanyin waya da ƙarar numfashinta.

A sama gajimare ya shimfiɗu har ƙarshen gani, kawunan duwatsu sun leƙo daga cikinsa, rana ta kwanta a kai. Darinka ta dafa hasumiyar ta sunkuya. Stane, ido ya cika da ƙwalla, ya ɗan shafa mata igiyar.

"Wannan ce bulalar? Ƙuda kake kora? Sake!"

Ya ja da baya ya tsula mata ta gaske, har ta yi ƙara. Baƙin da ke wurin suka tafa. Ta zauna a karkace a kan dutse, tana dariya tana share hanci, ta miƙe kumburarriyar ƙafar tana kallon gajimaren.

"Sai mu fara sauka," in ji Stane.

"Sauka kai. Ni yanzu na iso."